Zunubin Da Aka Binne A Tsakar Alfarwa

Akwai addu'ar da kusan kowane Kirista ya haddace: "Ya Uba, ka gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba." Addu'ar ba ta da aibu. Amma mai ɓoyayyen zunubi ya fi kowa son ta, don a inuwarta yake fakewa. Ya san abin da ya yi, ya san ranar, ya san wanda ya cuta, sai ya cusa shi cikin "zunubanmu" ya ce amin. Ya tashi nauyin yana nan a ƙirjinsa, yana mamaki.

Kalmar da aka fassara da "furta" a 1 Yahaya 1:9, a Helenanci ma'anarta faɗin abu ɗaya da wani. Wato ka kira abin da sunan da Allah ya kira shi. Kuɗin ikilisiya da ma'aji ya "ranta" ba da sanin kowa ba, sunansa sata. Hirar tsakar dare da matar wani a waya, wadda ake goge saƙonninta kafin gari ya waye, ba zumunci ba ce. Muddin mutum yana cewa "rauni" ko "kuskure" ko "aikin Shaiɗan", bai fara ba tukuna.

Dubi Akan a Joshuwa sura 7, wanda ya ɓoye ganimar Yariko da Allah ya hana Isra'ilawa ɗauka. Sai da mutum 36 suka mutu a Ai, ƙuri'a ta bi kabila da dangi da gida har ta faɗa kansa, sannan ya buɗe baki. Furcinsa kuwa daki-daki ne: kyakkyawar alkyabba, shekel 200 na azurfa, da sandan zinariya mai nauyin shekel 50, duk a binne cikin alfarwarsa, azurfar tana ƙarƙashi. Irin bayanin da ake so ke nan, sai dai ya zo bayan asiri ya riga ya tonu. Amsa laifi bayan an kama ka dumu-dumu daban yake da kai kanka tun ba wanda ya sani.

Saboda haka ka fara kai kaɗai. Keɓe lokacin da ba mai katse ka, ka kashe waya, ka ɗauki takarda da biro. Rubuta abin da ka yi, yaushe ya fara, kamar sau nawa, wa ya shafa, da ƙaryar da ka yi don rufe shi. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, alhali sau da yawa rufin ya fi laifin farko muni. Sarki Dawuda ya fara da zina da Bat-sheba, matar Uriya, amma ƙoƙarin rufewa ne ya sa ya shayar da Uriya har ya bugu, daga baya ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab, shugaban sojoji, da hannunsa. In ka gama rubutun, karanta shi da murya a gaban Allah, sannan ka yage takardar. Amfanin murya shi ne, abin da zuciya take kwana-kwana a kansa, kunne ba ya yarda da shi.

Kalma ɗaya ce take ɓata furci: "amma". Saul ya ce wa Sama'ila ya yi zunubi, ya ɗora da cewa tsoron jama'a ya ji, can kuma ya roƙi a girmama shi a gaban dattawa. Haruna ya ce zinariya kawai ya jefa a wuta, ɗan maraƙi ya fito, kamar maraƙin ne ya ƙera kansa. Dawuda kuwa, da annabi Natan ya ce masa "kai ne mutumin", jimla ɗaya ya yi: ya yi wa Ubangiji zunubi. Nan take aka ce masa an kawar da zunubin.

Sai tambaya mai wuya: bayan Allah, wa kuma za a gaya wa? A Katolika hanya a shimfiɗe take. Ana furtawa ga firist, kuma tun babban taron Lateran na 1215 aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, firist ɗin ba shi da izinin fitar da abin da ya ji ko da me. Wasu ikilisiyoyi kuwa suna tsayawa kan Yakubu 5:16, a furta wa juna, a yi wa juna addu'a. Ƙa'idar da ta fi aiki ita ce, faɗin furci ya yi daidai da faɗin ɓarnar. Abin da ya tsaya a zuciya, tsakaninka da Allah ne. Wanda ka cuta, shi za ka tunkara. Abin da ya taɓa jama'a duka, kamar kuɗin baikon ikilisiya, gaban shugabanni yake zuwa.

A nan ake yawan tafka ɓarna da sunan gaskiya. Mutum ya je ya gaya wa wata 'yar'uwa cewa ya daɗe yana sha'awarta a zuci, wai yana neman gafara. Shi ya sauke kayansa, ita ya ɗora mata, wani lokacin ma ƙofa ya buɗe. Wani kuma ya miƙe lokacin ba da shaida ya ambaci sunan wadda suka yi zunubin tare, ba da saninta ba. Wannan tonon silili ne. Naka za ka furta, na wani ba hurumin bakinka ba ne.

Idan zunubin ya zama jiki, ana yi ana tuba ana komawa, to furta wa Allah kaɗai da wuya ya karya shi, domin a ɓoye yake samun abincinsa. Nemi mutum ɗaya, jinsinku ɗaya, wanda ya girme ka a bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin asirin wani a bakinsa ba. Mai kawo maka labarin wasu "don mu sa su a addu'a", gobe naka zai kai. Ka faɗa masa irin zunubin da tsawon lokacinsa, ba sai ka zana masa hoto ba. Ku sa ranar haɗuwa, ko da sau ɗaya a mako, ka ba shi izinin yi maka tambaya kai tsaye.

Cin amanar aure yana bukatar shiri. Ka fara ganin fasto ko dattijo mai hankali, ka yi gwajin lafiya, ka yanke hulɗar gaba ɗaya kafin ka zauna da matarka ko mijinki. Faɗi gaskiyar a zama ɗaya. Fitar da ita kaɗan-kaɗan, yau a ce sau ɗaya ne, wata mai zuwa a ce shekara biyu, shi ne yake kashe yarda fiye da laifin kansa. Kada kuma ka ce "tunda Allah ya yafe mini, ke ma dole ki yafe." Ba ka da wannan bakin. Idan kuwa abin ya shafi cin zarafin yaro, ko wani yana cikin haɗari yanzu, addu'a a ofishin fasto ba ta rufe maganar. Dole ta kai ga hukuma.

Haƙƙin mutane kuma mayarwa ake yi. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amana ko ya yi ƙwace ya biya cikakke, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar: wanda ya ci 100 ya mayar da 120. Littafin Ƙidaya sura 5 ya ƙara da cewa in mai haƙƙin ba ya nan, a ba danginsa. Zakka, mai karɓar harajin da ya tuba a gaban Yesu, ya wuce nan, ya ce ninki huɗu. Kirista ba ya ƙarƙashin wannan lissafi a matsayin doka, amma tuban da ba ya taɓa aljihu tuban muzuru ne. In ba ka iya biya gaba ɗaya, rubuta adadin, ku yi yarjejeniyar biya a hankali, ka kawo kason farko a ranar. Wanda ka ɓata wa suna, ka koma wurin mutanen da ka gaya wa ƙaryar ka gyara.

Bayan duk wannan, wasu sukan ce har yanzu ba su ji an gafarta musu ba, sai su yi ta furta zunubi ɗaya kowane dare. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 ya rataya ne a kan amincin Allah da adalcinsa, wato a kan abin da Almasihu ya riga ya biya a gicciye. Yawan hawaye ba ya ƙara masa komai. Hanyar gane muryar da take damunka mai sauƙi ce: Ruhu Mai Tsarki yana nuna takamaiman abu da abin da za a yi a kai, mai zargi kuwa, wato Shaiɗan, cewa kawai yake yi kai ba ka da amfani. Bulus ya raba baƙin ciki iri biyu a 2 Korantiyawa 7:10: mai kai mutum ga tuba, da mai kai shi ga mutuwa. Yahuza, wanda ya ba da Yesu, ya mayar da azurfa 30, ya amsa laifinsa a gaban manyan firistoci, amma bai koma wurin Yesu ba. Bitrus, wanda ya yi musun sanin Yesu, ya yi kuka mai zafi, ya koma.

Gafara kuma ba ta share sakamako. An gafarta wa Dawuda, duk da haka jaririn ya mutu, takobi bai rabu da gidansa ba. Ikilisiya tana iya sa mutum a horo, ta dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji ko daga muƙami na ɗan lokaci. Ka karɓa, kada ka gudu wata ikilisiya inda ba a san ka ba. Ka goge lambar, ka miƙa makullin akwatin kuɗi, ka daina kwana da waya a gefen matashi. In ka sake faɗuwa, kira abokin addu'arka a ranar, kada ka jira sai ranar haɗuwarku.