Shekara 11 Rabona da Kwalba

Mahaifina mashayi ne, ni ma na sha, kuma yau shekarata 11 rabona da giya.

Ɗan mashayi yana gadon abu biyu. Ɗaya a jini yake: kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya gado ne, kuma da yawa cikinmu ba ma saurin buguwa. Abokai su ce kanka na da ƙarfi, alhali wanda kwalba huɗu ba ta kayar da shi ba, shi ke neman ta biyar. Ɗayan ya fi wuyar fita, wato ɓoyo. Yaron da ya saba ce wa baƙo "Baba ba ya nan" yana jin minsharinsa daga ɗaki ya ƙware a rufa-rufa tun kafin ya ɗanɗana komai. A Katsina kuwa, inda giya ta haɗa haramci da abin kunya, mutum sai ya shekara goma yana sha maƙwabcinsa bai sani ba.

In kullum kake sha, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe rawar hannu da gumi da tashin zuciya ke farawa. Cikin kwana biyun farko ana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Kwana na uku zuwa na huɗu wani ya rikice, yana ganin abin da babu, kuma wannan yana kisa. Yana iya faruwa a farkon azumi, lokacin da mutum ya tuba dare ɗaya, sai dangi su ce iska ce, a nufi wajen ruƙiyya. A yi addu'a, amma a kai shi asibiti. Likita zai ba da maganin kwantar da jijiyoyi mai suna diazepam yana rage shi a hankali cikin kamar mako guda, tare da bitamin B1. Amma ka faɗa masa ainihin yawan da kake sha, da shi zai auna maganin.

Bayan nan aiki ya koma na agogo. Sha'awar takan taso ta lafa cikin minti 20 zuwa 30, kuma tana da lokacinta. Tawa bayan Isha ce, don haka nake cin tuwo kafin sallah, in zarce majalisar da ba a sha, ba na komawa ɗaki da yunwa. Ranar albashi katin banki yana hannun yayana. Mutum uku suka san gaskiyata, kuma wayarsu a buɗe take ko da tsakar dare.

Barci zai yi makonni bai daidaita ba. A nan mutane ke zamewa, su sayi D5 (ƙwayar diazepam, amma ba da izinin likita ba) ko tramol ko kodin a kemis, su ce ai ba giya ba ce. Rami ɗaya ne.

Shekara ta biyar ta fi ta farko ba ni tsoro, lokacin da zuciya ta fara raɗa min cewa na warke, kwalba ɗaya ba komai. Mai irin jininmu ba shi da kwalba ɗaya.

Shi kuwa Baba, na daina ƙoƙarin raba shi da ita da ƙarfi. Ina gaishe shi kullum da safe, lokacin da yake cikin hayyacinsa. Kuɗi ne ba na ba shi a hannu: gero da man girki da magani nake saya in kai gida.