Fulawar da ba a yin fanke da ita: inda lambuna ya kai a sati na 11

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon shukar fure. Yau Asabar, sati 11 ke nan cif da zuba iri, kuma da sanyin safiyar nan na yanko abin da ya cika kwalba huɗu. Na san a cikinku akwai waɗanda suka cika goma, to ku yi mini uzuri, akuya ce ta shiga tsakanina da sulusin aikina.

Ga waɗanda ba su san inda aka faro ba, filin nawa ɗan lungu ne a bayan ɗakin girki a nan Zariya, taku shida a tsaye, uku a kwance. Farkon watan Yuni, da ruwa ya zauna, na yi kunya uku na zuba taki. Tsohon kashin akuya na sa, wanda ya shekara ya zama gari. Kashin kaji ɗanye kuwa ku guje shi, bara ya ƙone mini alayyafo tas. Na shuka ziniya, da marigol, da wani ƙaramin fure ruwan hoda mai kai kamar maɓallin riga wanda ake kira gomfirina. Ziniya da marigol duk asalinsu daga Meziko ne, zafin rana ba ya ba su tsoro, shi ya sa na fara da su.

Kuskuren farko a wurin iri na yi shi. Na saya a wani shago ban duba kwanan watan da ke jikin takardar ba, na zuba ƙwaya 60, aka wayi gari 9 kawai suka leƙo. Kwana goma na ɓata ina zargin ƙasa, ina zargin ƙadangaru. Yanzu kafin in shuka komai sai in ɗauki ƙwaya goma in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, in sa a leda in ajiye a inuwa. Irin ziniya mai rai ba ya wuce sati bai tsage ba. In bakwai suka tsiro, bismillah. In uku ne, kada ki wahalar da bayanki.

Zubi na biyu ya yi kyau, 41 suka tashi. Na bar taƙi guda tsakanin kowace da 'yar uwarta. Sai kuma abin da ya fi ba ni wuya: datse kai. In shukar ta kai kamar taƙi ɗaya da rabi, ana sa almakashi a cire kanta daidai saman ganye. Wallahi hannuna rawa ya riƙa yi, kamar mai yi wa jariri aski. Don in gani da idona, kunya ɗaya na datse, ɗaya na ƙyale. Wadda na ƙyale ta riga yin fure, amma guda ɗaya tal a sama, kara gajere. Wadda na datse ta yi jinkirin kusan sati biyu, sannan ta fito da rassa huɗu zuwa biyar, dogaye, masu shiga kwalba. Kunya ta uku ita akuyar maƙwabta ta datse mini har ƙasa ranar da yara suka bar ƙofa a buɗe. Marigol ɗin dai ta shinshina ta bar shi. An yi danga yanzu, bayan ɓarna.

Matsalar wannan makon marka ce. Ruwan Agusta ba ya ɗagawa, ganyen ƙasa ya fara yin ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa. Ina tsinke duk wanda ya kamu in kai shara, ba na zubawa cikin taki. Na kuma kafa sanduna na ja igiya, don iskar daren Talata ta kwantar da guda shida. Fara ma na tsattsage ganye. Na jiƙa ganyen darbejiya kwana biyu na yayyafa da yamma, ta ragu, ba ta ƙare ba.

To, ga zancen da na fi so mu yi, wato kai furen. Noman ya fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Kun san mu ba mu gaji ba da fure kyauta ba. Mai zuwa dubiya lemo yake riƙowa, ko kunu, ko ɗan abin sayen sabulu. Ranar da na aika wa wata gwaggo a layinmu cewa zan kawo mata fulawa, ashe har ta sa an wanke roba. Da na shigo da kwalbar ta dube ni, ta dubi hannuna, ta ce, "'Yar nan, wannan ci ake yi ko jiƙawa?" Na ce, "Gwaggo, kallo ake yi." Ta yi dariya har da share hawaye da bakin zane. Na zauna muka yi hira ta fi awa guda. 'Ya'yanta uku, ɗaya na Abuja, ɗaya Fatakwal, macen tana aure a Maraɗi. Kuɗi ba ya yanke mata, waya ma suna kira. Amma da bakinta ta gaya mini akwai ranar da tun daga asuba har isha'i, in ban da rediyo, ba ta jin muryar ɗan Adam a gidan.

Lokacin da aka ce Birtaniya ta naɗa minista mai kula da kaɗaici a 2018, Japan ma ta bi sahu a 2021, na tuna yadda muka yi ta dariya, wai abin Turawa sai su. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti guda a kan wannan batu. Mu kuwa muna tinƙaho da zumunci, kuma gaskiya muna da shi, ranar suna da biki da zaman makoki ba masaka tsinke. Sai dai a je a duba gidan mamaci bayan sadakar arba'in. Ga shi sabbin gidaje duk katanga ce mai tsayi da ƙofar ƙarfe, babu zauren da tsoho zai zauna mai wucewa ya ce masa sannu da hutawa.

Abin da na gano a sati ukun nan shi ne, amfanin furen yana cikin saurin mutuwarsa. In na kai sabulu, an yi godiya, an sa albarka, shi ke nan sai wata rana. Ziniya kuwa kwana biyar zuwa bakwai take yi a ruwa ta sunkuyar da kai, kuma kwalbar tawa ce, dole in koma in karɓa in kawo wata. Ba sai na ce na zo duba ki don kina zaune ke kaɗai ba, wanda ba dattijuwar da za ta so jin haka. Kwalba na zo ɗauka. Ita ma ta samu abin yi, don na ɗora mata aikin canza ruwa kullum, kuma in na zo sai ta ba ni rahoto kamar mai kiwon kaji: ja ɗin ya riga mutuwa, ruwan ɗorawan ya fi ƙarko. Saboda haka kada ku kai a abin da za a ce ku bar shi. Kwalbar zuma nake amfani da ita, na rubuta lamba a gindin kowace.

Akwai kuma wata baiwar Allah da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita sai da lalura. Na so in haɗa mata da furen lalle, don duk lambun ba abin da ya kai shi ƙamshi, sai na tuna mai takaba tana nisantar turare, na ga gara kada in jefa ta cikin wasiwasi. Ziniya zalla na kai, ita ba ta da ƙamshi ko kaɗan. Ba ta ce komai a kan furen ba, ta dai ajiye shi kusa da dardumarta. Wani dattijo kuma, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ɗana nake aikawa wurinsa. An ce in ya je minti biyar zai yi, sai ya dawo bayan magariba da labarin yadda ake zuba kwal a injin jirgi.

Ba ko'ina aka karɓa ba. Wani gida matar ta ce mini a wannan tsadar rayuwa da barkono na shuka a filin da ya fi. Ban yi musu ba, tana da gaskiyarta. Na koma na zuba yakuwa da rama a gurbin da akuya ta cinye, in sun isa zan riƙa haɗawa da ɗauri guda.

Ga masu tambayar me ya sa nasu ke yin laushi kafin su isa: yankan wuri ne, ko yankan rana. Ziniya ba ta ƙara buɗewa sosai bayan an yanke ta. Ki kama karan kamar taƙi guda ƙasa da furen ki girgiza a hankali. In kan yana lilo, bai ƙosa ba, bar shi. In ya tsaya ƙyam, yanka. A yanka kafin rana ta ɗaga, da bokitin ruwa a gefe, a tsige duk ganyen da zai nutse, don shi ke ruɓewa ruwan ya yi wari. Kuma ki yanka da tsawo, kada ki ji tausayi, daga nan sababbin rassa za su fito.

Sati mai zuwa zan ɗaura zare a kan manyan furanni biyar in bar su su bushe a jikin uwarsu, don iri. In kan ya koma ruwan ƙasa ana murje shi, ƙwayar tana gindin kowane ganyen fure, siffarta kamar bakin kibiya. Ina so in gwada zubin rani a buhunan siminti in ga yadda za su yi da hunturu. Gwaggo ta ce in ajiye mata buhu biyu, za ta shuka da kanta, wai akwai wata tsohuwa a bayan masallaci da take so ta kai wa. Yanzu kwalabe ne suka yi mini kaɗan, huɗu gare ni kuma gidajen sun zama shida. Duk mai kwalbar zuma da ba ta amfani da ita, ta ajiye mini.