Tsofaffin Fayilolin Ofishin Gidaje da Ƙiyasi a Kano: Karanta Su da Adana Su

Idan mai ofishin dillancin gidaje da ƙiyasin darajar kadara ya rasu, ko ofishin ya rufe, abin da magada suka fi raba ido a kai shi ne gini da kujeru da akwatin ƙarfe. Takardu kuwa sai a tura su sito cikin buhu, daga nan ko gara ta cinye, ko su ƙare a hannun mai tsire da mai ƙosai. Alhali takardun irin wannan ofishi, musamman na tsakanin 1945 da 1975, su ne suka san wane ne ya zauna a wane gida, nawa ya biya, da me aka gina ɗakin, kuma ina iyakar fuloti ta tsaya kafin maƙwabci ya ja katanga.

Abu na farko da za a nema a cikin tarin shi ne rajista, wato littafin da akawu yake shigar da kowane fayil da lambarsa. Kafin a same ta kada a taɓa jerin komai. Kuskuren da ya fi yi wa irin waɗannan takardu illa ba gara ba ce, mai son gyara ne: ya zo ya ware rasit gefe, wasiƙu gefe, taswira gefe, yana ganin ya kintsa. Rasit ɗin da ke cewa “an karɓi hayar wata uku” ba ya da wani amfani idan ya rabu da fayil ɗin gidan da ya fito, domin sau da yawa ba a rubuta adireshi a jikinsa, lambar fayil kawai akawu yake sakawa, wani lokaci ma ba ya sakawa. Yadda aka tarar da takardu a jere, haka za a bar su. Idan rajista ta ɓace, sai a sake gina ta daga bangon fayiloli: lamba, unguwa, lambar fuloti, shekarar takarda ta farko da ta ƙarshe, da adadin shafuka.

Abin da aka saba samu kashi biyar ne ko shida: fayilolin gidaje ɗaya-ɗaya, littattafan haya, rahotannin ƙiyasi da littafin da mai ƙiyasi yake shiga gida da shi yana awo, taswirar safiyo da zanen gini, wasiƙun banki da na lauya da na ofishin ƙasa, sai littafin kuɗin ofishin kansa. Hotuna kan fito jefi-jefi, manne a bayan rahoto.

Sai dai mai karatu ya san cewa rabin Kano kawai zai gani a ciki. Dokar ƙasa ta Arewa, tun daga ta 1910 da ta 1916 har zuwa ta 1962, ba ta ba mutum mallakar ƙasa kai tsaye ba, izinin zama ta ba shi. Izinin nan iri biyu ne. Akwai na gwamnati, mai satifiket da lamba da wa'adin shekaru da kuɗin ƙasa na shekara-shekara, wanda ya fi yawa a Nassarawa, Bompai, da filayen kantuna kusa da tashar jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Akwai kuma na gargajiya, wanda a wancan zamani yake hannun En'e, wato hukumar gargajiya, ta hanyar mai unguwa da hakimi har zuwa fada. Gidan cikin Birni ana gadonsa, ana saye, ana jingina, ana kyauta, amma shaidarsa tana bakin mai unguwa da dattawa, ko a wata 'yar takarda da Larabci ko ajami, ko a littafin alƙali. Banki ba ya karɓar irin wannan a matsayin jingina cikin sauƙi, don haka ba a cika kiran mai ƙiyasi ba. Shi ya sa fayilolin suke cike da Waje, wato Sabon Gari da Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa da unguwar Kwarori, amma da wuya ka ci karo da Yakasai ko Mandawari. Wanda ya ɗauki farashin da ke cikinsu ya ce ga farashin gida a Kano a wancan zamani, ya yi wa Birni shaidar abin da bai gani ba.

Yanzu ga inda na fi so a daɗe, wato rahoton ƙiyasi, don shi ne aka fi fahimta a baibai. Rahoton ƙiyasi ba takardar mallaka ba ce. Ra'ayi ne na masani, a rana guda, don wata buƙata guda. Gida ɗaya a shekara ɗaya yana iya samun ƙima uku mabambanta, kuma duka daidai ne. Idan banki ne ya nema don ba da rance, mai ƙiyasi yakan yi ƙasa-ƙasa, yana tunanin ranar da za a sayar da gidan cikin gaggawa. Idan inshora ce, abin da ake lissafawa shi ne kuɗin sake gina ginin daga tushe, ba a saka darajar fili tunda fili ba ya ƙonewa. Idan diyya ce don gwamnati za ta fitar da titi, gini da rijiya da itatuwa ake ƙirgawa, abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar ke nan. Saboda haka kafin ido ya kai ga adadin da ke shafin ƙarshe, a karanta sakin layi na farko: wa ya nemi aikin, don me, kuma wace rana aka shiga gidan. Ranar shiga gida ita ce abin dogaro, ba ranar da aka buga rahoton a tafireta ba, don tsakaninsu kan kai makonni.

Hanyoyin lissafin uku ne. Ko a kwatanta da gidajen da aka sayar a kusa, ko a lissafa kuɗin gini a cire tsufa, ko a bi ta haya. Ta hayar ce ta fi yawa a gidajen haya na Sabon Gari da kantuna. Misali don a gane: gida yana kawo fam 240 a shekara, gyara da kuɗin ƙasa da ladan mai karɓar haya sun ci fam 40, saura fam 200. Idan mai ƙiyasi ya ga mai saye zai so ribar kashi 10 cikin ɗari, sai ya ninka da 10, ƙima ta zama fam 2,000. Da ya ce kashi 12 da rabi, da 8 zai ninka, ta zama fam 1,600. Wannan lambar ninkin ita ce zuciyar rahoton. Idan ka ga ta sauka a wata unguwa daga shekara zuwa shekara, to masu kuɗi sun fara jin tsoron unguwar ne, ko da haya ba ta canza ba. A littattafan hayar Sabon Gari, a lura sosai da shekarun 1966 zuwa 1970, lokacin da masu gidaje da 'yan haya da yawa suka bar gari. Sunan da ke karɓar haya a waɗannan shafuka yana iya zama na mai riƙo, ba na mai gida ba.

Littafin awon mai ƙiyasi, wanda yawanci da fensir aka cika shi, ya fi rahoton da aka buga daraja a wurina. A nan ake ganin ko bango na tubali ne ko na bulo, ko rufin azara ne ko kwano, ko daɓen ƙasa ne ko siminti, ko an yi wa bango makuba, ɗaki nawa, masai nawa, akwai famfo ko rijiya, an ja lantarki ko ba a ja ba. Rahoto yakan taƙaita duk wannan a layi biyu.

Kuɗi da awo suna kayar da mutane da yawa. Kafin 1 ga Janairu 1973 da fam da sule da kwabo ake lissafi: sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya. Da aka koma naira, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. To kwabon da da kwabon yanzu suna ɗaya ne, ƙima daban. Idan ka ga an rubuta 3.10.0 a gaban alamar fam, fam uku da sule goma ne, wato fam uku da rabi, naira 7, ba uku da ɗigo ɗaya ba. Haka 12/6 sule goma sha biyu da sisi ne, ba kwanan wata ba. Duk wanda zai shigar da littafin haya a kwamfuta ya buɗe layi uku, na fam, na sule, na kwabo, ya kwafa yadda yake, sannan ya yi juyi a layi na huɗu. Littattafan 1973 kuwa a bi su shafi-shafi, don akawu kan gauraya kuɗin biyu.

Awo da ƙafa yake. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya zama mita 15.24 da 30.48, kusan murabba'in mita 465. Eka ɗaya kusan murabba'in mita 4,047 ce. A tsofaffin taswirori ana iya cin karo da awon sarƙa, wadda tsawonta ƙafa 66 ne. Sunan titi ba abin dogaro ba ne, an sha canza su, kuma lambar gida takan sauya. Lambar fuloti da lambar shimfiɗar unguwa da lambobin turakun safiyo su ne ba su cika motsi ba, da su ake zuwa ma'aikatar ƙasa ko KANGIS, wato hukumar bayanan filaye ta Jihar Kano, a daidaita. Takardar ajami mai shekarar Hijira, a ninka shekarar da 0.97 a ƙara 622 don a samo ta Miladiyya: 1380 ta faɗo tsakanin 1960 da 1961. Kuma duk satifiket ɗin da aka gani a fayil, a tuna dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta zo bayansa, mai yiwuwa an sake lamba, an raba fulotin, ko wa'adinsa ya ƙare.

Batun adanawa, yanayin Kano yana cin takarda ta fuska biyu. Da hunturu iska takan bushe har takarda ta yi ƙamas, ta karye a kan ninki. Da damina, musamman a Agusta, laima takan hau, kuma da zarar ta wuce kashi 65 cikin ɗari ta daɗe a haka, fumfuna ta samu gida. Abin da ake so shi ne tsakanin kashi 35 da 50, amma rashin hawa da sauka ya fi samun ainihin lambar muhimmanci. Ɗakin tsakiya, wanda bangonsa ba ya shan rana kuma ba ya jingine da banɗaki, ya fi ɗaki mai na'urar sanyaya da ke mutuwa kullum. Kanta ta ƙarfe, bene na ƙasa ya tashi aƙalla santimita 15 daga daɓe, a bar tazarar hannu tsakaninta da bango don a riƙa ganin hanyar gara tun tana sirara.

Kwalin da aka ga ƙwari a ciki, kada a fesa masa fiya-fiya ko kananzir. Suna ɓata tawada, suna barin tabo, suna cutar da mai aiki. A sa ƙunshin a leda mai kauri, a matse iska, a ɗaure, a saka a firiza mai sanyin 18 ƙasa da sifili na mako guda cur. Idan wuta ta ɗauke har ya narke, a sake ƙirga daga farko. Bayan an fitar, a bar shi kwana ɗaya ba a buɗe ledar ba, don raɓa ta kwanta a kan leda ba a kan takarda ba. Takarda mai fumfuna a busar da ita a inuwa, sannan a share da buroshi mai laushi a waje, da takunkumi a fuska. Rana tana kashe rubutu.

A cire fil da ƙusar sitefula da robar ɗaure kuɗi, don tsatsa tana huda takarda, roba kuma tana narkewa ta manne. A maye gurbinsu da farar takarda a ninke. Salatif da laminatin haramun ne a wannan aiki: gam ɗin yana ratsa takarda ya mai da ita rawaya, zafin injin kuma ba ya da komowa. Takardar ajami kada ruwa ya kusance ta ko kaɗan, don tawadar da aka haɗa da ƙaro tana wankewa. Taswira a kwantar da ita a shimfiɗe ko a naɗe ta a jikin bututu mai faɗi, kada a ninke. Kwafin zanen gini mai shuɗi ko ruwan ƙasa yana dushewa a haske, kuma a ware shi daga sauran takardu. Duk lambar da za a ƙara, da fensir.

Wajen ɗaukar hoto, yawancin takardun zamanin fulsikaf ne, tsawonsu kusan santimita 33, sikana ta A4 kuwa ba ta kai 30 ba. Abin da take yankewa shi ne ƙasan shafi, inda sa hannu da kwanan wata da kan sarki suke. A nemi ta A3, ko a yi da kyamara daga sama. Ɗigo 300 a inci ya isa ga rubutu, hotuna 600, kuma da launi, don jan biro da fensir ɗin gefe su fito. Kwafin kabon mai shara-shara a sa masa farar takarda a baya. A ɗauki bayan shafi ma, akawu kan yi lissafi a can. Sunan kowane hoto ya ɗauki lambar fayil da lambar shafi, kuma a ajiye kwafi uku, ɗaya a wani gida daban.

Bayan an ɗauka kada a zubar da asalin. Dokar Shaida ta 2011 tana ba takardar da ta shekara ashirin wani matsayi a kotu idan ta fito daga hannun da ya dace ta kasance, don haka a rubuta a littafi wane ne ya riƙe kwalayen, daga yaushe zuwa yaushe, da inda aka ajiye su. Fayilolin suna ɗauke da bashin mutane, da jinginar da iyalai ba su san an yi ba, da rigimar gado da jikoki suke ci gaba da ita, saboda haka ba kayan watsawa a Facebook ba ne. Iyalin da ba su da wurin ajiya suna iya tuntuɓar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Arewa da ofishin adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa suke. A yi yarjejeniya a rubuce: kyauta ce ko ajiya, waɗanne fayiloli ne za a rufe kuma shekara nawa, wa ke da ikon ba da kwafi, sannan a miƙa tare da kwafin rajista, iyali su riƙe nasu.