Daga Passau zuwa Biyena a kan keken da ya yi daidai da tsawona

Hanyar keke da ke bin gaɓar kogin Danub daga garin Passau na ƙasar Jamus zuwa Biyena, babban birnin Ostiriya, ta haura kilomita 300 da kaɗan, kuma tana cikin hanyoyin da suka fi sauƙi a Turai ga wanda bai saba doguwar tafiya a kan keke ba. Yanki ce ta babbar hanyar nan EuroVelo 6, wadda ta taso daga bakin Tekun Atlantika a Faransa ta dire a gaɓar Bahar Aswad a Romaniya. Ni da ƙanwata mun daɗe da niyyar bin ta. Ita ba ta sha wahalar samun keke ba, domin Allah ya yi ta doguwa, ni kuwa tsawona santimita 152 ne, kuma neman keken da zai yi mini daidai ba tare da ya cinye guzurin tafiyar ba ya fi tafiyar kanta ba ni wuya.

Duk shagon da na shiga, maganar ɗaya ce. Za a turo mini mafi ƙanƙanta a cikin kekunan tafiya, a sauke sirdi har ƙasa, a ce in hau. Idan na tsaya da keken a tsakanin ƙafafuwana, sandar sama ta tokare ni. Idan na zauna, sai na miƙe hannuwana gaba ɗaya kafin in kai ga birki. Amsar da nake samu kuma ita ce, "Malama, za ki saba." Ban yarda da wannan magana ba, har yau kuma ban yarda da ita ba, domin wuya da wuyan hannu da gwiwa ba sa sabawa da keken da ya fi ƙarfin mai shi, ciwo kawai suke tarawa.

Da na tsananta bincike sai na gane cewa tushen matsalar yana a wili. Yawancin kekunan tafiya na zamani suna zuwa da wilin da ake kira 700C, wanda faɗin rim ɗinsa milimita 622 ne, kuma irinsa ake sa wa keken dogo da na gajere. Idan maƙeri ya so rage firam alhali wilin yana nan yadda yake, tayar gaba takan matso kusa da feda, har takai ga idan aka karya kan keke a hankali, yatsun ƙafa su goge ta. Don kauce wa haka sai a kwantar da kusurwar gaba, a miƙar da sandar sirdi, ta yadda a takarda keken zai zama ƙarami, amma tazarar da ke tsakanin mahayi da kan keke ba ta ragu da wani abin kirki ba. Wilin inci 26 kuwa milimita 559 ne, wato ya gaza wancan da milimita 63, kuma wannan ɗan bambanci shi ke ba maƙeri damar rage komai daidai wa daida. Ba sabon ilimi ba ne. Tun a 1985 wata injiniya Ba'amurkiya, Georgena Terry, ta kafa kamfanin ƙera wa mata kekuna, ta riƙa sa wa ƙananan kekunanta wilin inci 24 a gaba da babba a baya saboda wannan dalili. Kamfanin Surly ma ya fitar da ƙananan samfurorin kekensa Long Haul Trucker, tun daga mai firam ɗin santimita 42, da wilin inci 26. Irin waɗannan kekuna sun burge ni matuƙa, amma sababbinsu sun fi ƙarfin aljihuna, na hannu kuma ba a cika samun ƙananansu ba, saboda tun farko kaɗan ake ƙerawa, kuma wadda ta samu ba ta saki.

Wani dattijo mai gyaran keke ne ya nuna mini mafita. Ya ce in daina neman abin da aka rubuta wa sunan keken tafiya, in nemi tsohon keken hawan dutse na shekarun 1990, wanda ba shi da sifirin a gaba ko a baya. An ƙera su da yawan gaske, irin su Trek 820 da Specialized Rockhopper, da yawansu da ƙarfen kuromoli mai juriya, duk da wilin inci 26, da giya mai faranti uku a gaba, galibinsu kuma da ramukan ɗaura kariyar ɗaukar kaya. Sun zo har da ƙananan firam masu inci 13 da 14, kuma tun da hankalin masu hawan dutse ya koma kan manyan wili, darajarsu a kasuwa ta faɗi ƙasa warwas, alhali ƙarfensu bai san an yi ba.

Kafin in fita nema na auna tsawon ƙafata ta ciki, na jingina da bango ba takalmi, na matse littafi a tsakanin cinyoyina, aka auna daga ƙasa zuwa bakinsa, ya ba da santimita 70. Wannan adadi na riƙa tambayar masu sayarwa da shi: nawa ne tsayin sandar sama daga ƙasa? Wanda ya amsa da abin da ya gaza nawa da 'yan santimitoci, shi na hau jirgin ƙasa na je na gani. Keken ya daɗe a ajiye, tayoyinsa sun tsattsage, sarƙarsa ta yi tsatsa, amma na bi abin da dattijon ya koya mini. Na duba mahaɗan firam ko akwai tsaga, na kwance sandar sirdi na tabbatar ba ta kafe a ciki ba, na shafa gefen rim in ji ko birki ya cinye shi. Duk lafiya lau.

Gyaran da ya biyo baya shi ne ya mayar da shi nawa. Kekunan wancan zamani suna da ɗan tsawo a gaba, don haka aka sa gajeren wuya, wato ƙarfen da ke riƙe kan keke, mai ɗagowa sama da kan keke mai lanƙwasowa baya. An cire hannun feda mai milimita 175 aka sa mai 165, domin dogon hannu yana tilasta wa gajeriyar ƙafa ta naɗe gwiwa fiye da kima a kowane juyi. Maƙallan birki suna da wani ɗan ƙaramin noti da ke matso da su kusa da yatsu, abin da mutane da yawa ba su san da shi ba. Aka daidaita sirdi bisa lissafin da aka fi dangantawa da ɗan tseren keke Ba'amurke Greg LeMond, wato tsawon ƙafa sau 0.883, wanda ya ba ni kusan santimita 62 daga tsakiyar inda feda ke juyawa. Da sababbin tayoyi marasa ƙaya da sarƙa da wayoyin birki da kariya, abin da na kashe gaba ɗaya bai kai rabin kuɗin sabon keken tafiya ba.

Mun tashi daga Passau, inda kogunan Inn da Ilz suke zuba a Danub, jakunkuna biyu rataye a gefen kariya kamar mangala a bayan jaki. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, mafi yawanta a kan tsohuwar turbar da dawakai suke bi a da suna jan jiragen ruwa zuwa sama, iska kuma ta fi kaɗawa daga yamma, shi ya sa matafiya suka fi nufar gabas. Muka wuce madatsar Jochenstein muka shiga Ostiriya. A Schlögen, inda kogin ya yi wata irin lanƙwasa har ya kusa komawa inda ya fito, sai an shiga ƙaramin jirgin fito, kuma a nan na fara ganin amfanin ƙaramin wili. Gangaren shiga jirgin yana da ƙunci, dole a karya kan keke sosai ana tafiya a hankali da kaya a baya, amma ƙafata ba ta taɓa taya ba, da na tsaya kuma tafukana biyu suka sauka ƙasa sosai. Wanda bai taɓa tsayawa a kan yatsu da keke mai nauyi a bakin ruwa ba, ba zai san girman wannan ni'ima ba.

Da gangan muka bar bakin kogin muka hau tsaunukan Mühlviertel da ke arewa da shi, domin hanyar da ba ta da hawa ba ta gwada keken tafiya. Ƙaramin farantina na gaba haƙora 22 ne, babban na baya 34, wato duk juyin feda ɗaya wili bai cika kashi biyu cikin uku na juyi ba. Tafiyar a hankali take, amma ban sauka na tura ba. Wannan batu ya fi shafar mai ƙaramin jiki, saboda tanti da tufafi da kayan gyara nauyinsu ɗaya ne ga kowa, sai dai ga wadda ba ta da nauyi sosai, keke da kayansa sukan kai wani babban kaso na nauyin jikinta. A kan tudun ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ni naki in ɗana." Ta hau gwiwoyinta suna neman taɓa kan keke, ni kuma na kasa ko ɗora ƙafa a kan nata, alhali nata ɗin ma ba babba ba ne a lissafin masu shago.

Linz da Grein mun wuce su ba tare da wani abin faɗa ba. A kwarin Wachau, tsakanin Melk da Krems, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, hanyar tana kutsawa cikin ƙauyuka masu matsattsun lunguna, a tsaya nan a tashi can saboda yawan jama'a. A ƙarƙashin kangon gidan sarautar Dürnstein, inda aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, na haɗu da wata mata wadda ba ta fi ni tsawo ba, tana zaune tana murza tafukan hannunta. Keken haya ne da ita, mai babban wili, an sauke sirdinsa har ƙarshe, kuma ta ce yatsunta biyu sun mutu tun kwanakin baya, har ta fara tunanin cewa jikinta ne bai dace da irin wannan tafiya ba. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na ba ta nawa ta zaga da shi, ta dawo tana tambayar sunansa da inda ake samun irinsa, na rubuta mata ma'aunan da za ta riƙa tambaya.

Keken yana da nasa naƙasu. A cikin ƙaramin firam gorar ruwa ɗaya ce take shiga, ita ma da ƙyar, sai da na ɗaura ta biyu a kan kariya. Bayansa ya gaza na keken tafiya na asali tsawo, wanda yakan kai santimita 45 ko 46, don haka na tura jakunkunan baya iya turawa don kada diddigena ya buge su, ƙanƙantar ƙafata kuma ta taimaka. Ya fi na ƙanwata nauyi, a shimfiɗaɗɗiyar hanyar da ke tsakanin Tulln da Biyena takan ba ni rata sai ta jira ni. Tayoyin inci 26 masu inganci ma sun fara ƙaranci a wasu shaguna, shi ya sa na ɗauki guda mai naɗewa a cikin jaka, ko da yake ban buƙace ta ba.

Mun shiga Biyena babu ciwon wuya, babu mutuwar yatsu, gwiwoyina kuma lafiya. Hanyar ta ci gaba zuwa Bratislava da Budapest, kuma kafin mu koma mata zan sa ƙaramar kariya a gaba in raba kayan kashi biyu, domin a hawan Mühlviertel na lura wilin gaba yana neman ɗagawa duk lokacin da tudu ya yi tsanani.