Abin da cutar Satoyoshi ta koya mini game da ƙashin yaro

A karatunmu na gashin ƙashi, da zarar an ce ƙafar yaro ta yi gwame, hankalin ɗalibi kan tafi ga ƙarancin kalsiyam ko bitamin D. Da gaskiyarsa kuwa, don shi muka fi gani a asibitocinmu. Amma wata cuta da ba kasafai ake samunta ba ta sauya mini yadda nake kallon ƙashi.

Wani likitan jijiyoyi ɗan Japan, Eijiro Satoyoshi, shi ya fara bayyana ta a 1967. Takan kama yaro yana wajen shekara 10, kuma ta fi kama mata. Tsoka ce ke ɗaurewa farat ɗaya, ta yi tauri kamar dutse, da zafin da ke sa yaro ihu. Tun tana tsayawa a sharaɓa har ta haura cinya da ciki, wani lokaci har muƙamuƙi. Gashi ya zube, gudawa ta ƙi tsayawa, budurwa kuma al'ada ta ɗauke mata.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne ƙashin. Kusa da kowace gaɓa akwai guringuntsi mai laushi wanda ta nan yaro ke ƙara tsawo. Idan tsoka ta yi ta fizgar wurin da ƙarfi, yau da gobe sai ya lalace: gwiwa ta karkace, ƙashi ya tsage, girma ya tsaya. Wanda cutar ta same shi bayan ya gama girma yakan tsira daga wannan nakasa. Ashe ƙashin yaro yana bin duk inda tsoka ta ja shi.

Abin da ke taɓa mini zuciya shi ne akwai taimako. Ana danganta cutar da garkuwar jiki da ke juyowa kan mai ita, kuma magungunan sitiroyid, masu rage kaifin garkuwar jiki, sun sassauta wa da yawa ɗaurewar. Sai dai ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa da ƙwaya.

Shi ya sa yanzu idan uwa ta kawo yaro, ba na tsayawa kan hoton ƙashi kaɗai. Nakan ce, "Mama, tsokarsa tana ɗaurewa da dare? Ya cikinsa? Cire masa hular in ga kansa." Idan amsoshin suka haɗu, wajen likitan jijiyoyi nake tura su, tun guringuntsin bai lalace ba.