Asabar, ranar da jak ya sauka da kansa

Sai yanzu bayan isha'i na samu zama, kuma har yanzu in na tuna abin da na gani da safe sai gabana ya faɗi.

Niyyata yau ita ce in juye baƙin man Corolla ɗina, in kuma duba birkin gaba da ya kwana biyu yana ƙara. Wajen ƙarfe takwas na fito da ita ƙofar gida, na kafa jak ɗina mai kwalba, na ɗaga ɓangaren direba. Har na shimfiɗa kwali zan kwanta, sai na tuna ban ɗauko robar tarar mai ba. Na shiga gida, uwargida ta tsare ni da koko da ƙosai, na yi kamar minti goma. Da na fito sai Sadik ya ce, "Abba, motar ta sauko." Tayar da na bari a sama ta zauna daram a ƙasa. Babu wanda ya taɓa jak ɗin. Mai ne ya tsattsafo ta wuyansa, ya jiƙa ƙasa kamar faɗin tafin hannu, shi kuma ya yi ta sauka a hankali ba ƙara ba motsi. Kwalin nan yana ƙarƙashi, daidai inda ƙirjina zai kasance. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron yana tsugune a gefe, kuma na san halinsa na leƙa ƙarƙashin mota in ina aiki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban ƙara taɓa komai ba. Na hau Keke Napep daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari, garejin wani dattijon makanike da tun ina yaro yake gyara motar mahaifina. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya ce, "Ɗana, Allah ya tsare. Jak ɗagawa yake yi, ba riƙewa ba. Duk nauyin motar nan wata 'yar roba ce a ciki take tare mai, ran da ta gaji shi ke nan." Na ce to Baba, in na jera bulo fa, kamar yadda kowa ke yi? Ya girgiza kai. Ya ce bulon siminti cikinsa rami ne, ba ya lanƙwasa balle ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Wannan jak ɗin mai kama da almakashi da ke zuwa a but kuwa, na canjin taya ne a bakin hanya kawai.

Ya jawo ƙafafun ƙarfen da suke jingina mota a kai, waɗanda su makanikai ke kira sitan, ya nuna mini iri biyu. Akwai mai haƙora, wanda ake jan sandarsa sama wani harshe ya faɗa cikin haƙori ya riƙe. Akwai mai ramuka, wanda ake zura ƙusa mai kauri ta ratsa. Mai haƙora ya fi saurin saiti, amma rayuwarka tana kan wannan harshen ne. Na tuna a 2020 kamfanin Harbor Freight na Amurka ya janye sitan masu tan 3 da tan 6 sama da miliyan ɗaya daga kasuwa, saboda harshen yana iya zamewa daga haƙorin in nauyi ya motsa. Shi ya sa na ƙudurta mai ƙusa zan saya, ko mai haƙoran da aka ƙara wa ƙusar tsaro.

A shagunan kayan mota na daɗe ina juya kaya. Na ga wasu na gida da mai walda ya haɗa da guntayen bututu, araha sosai, amma babu rubutun nauyin da suke ɗauka, waldar kuma ƙuraje-ƙuraje. Ban raina masu waldarmu ba, akwai gwanaye, sai dai abin da zan sa kaina a ƙarƙashinsa ina son in san iyakarsa. Wani kuma da na ajiye a daɓen siminti sai ya riƙa rawa, ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa. Na mayar.

Batun tan ɗin nan yana da ruɗi. Sau da yawa in aka rubuta tan 3, ana nufin su biyun a haɗe ne, ba kowane ɗaya ba, sai ka karanta takardar jikinsa. Motata ba ta kai tan ɗaya da rabi ba, kuma gefe guda ake ɗagawa, don haka ko mai tan 2 ya isa. Amma na ɗauki mai tan 3 saboda gindinsa ya fi faɗi, ga ƙanina yana kawo Sienna ɗinsa wani lokaci. Na ƙara da jak mai tayoyi na tan 2, don yana shiga ƙarƙashin gajeriyar mota cikin sauƙi. Kuɗin ya taɓa ni, har da na takalman da na yi niyyar saye.

Bayan la'asar na sake aikin yadda Baba ya koya mini. Ƙofar gidanmu rairayi ne, sai na shigo da motar tsakar gida kan siminti inda ƙasa take daidai. Na ja hambirki, na sa giya, na yi wa tayoyin baya waigi da katako. Na sassauta notuna tun taya tana ƙasa. Na tsuguna na lalubo wurin da aka tanada a gindin bodi, bayan tayar gaba, inda ƙarfen yake da 'yar tsaga. Bayan na ɗaga motar da sabon jak, a nan na saita sitan, na zura ƙusarsa, na sauke motar a hankali har na ji ta zauna a kansa. Haka na yi wa ɗaya gefen, tsayi ɗaya. Tayar da na cire na tura ta kwance ƙarƙashin motar. Sannan na dafa da hannu biyu na jijjiga ta da ƙarfi, ko gezau.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abban Sadik, duk da haka kar ka shiga in ba kowa a gida." Na ce na yi alkawari. Sadik na sa shi ya zauna kan benci, aikinsa miƙo sifana daga nesa.

Na juye mai kafin magariba. Birkin ya cinye ƙwarai, sai Litinin in Allah ya kai mu zan sayo sabo. Tsohon jak ɗin na ɗaure shi a buhu, gobe zan miƙa wa masu jari-bola.