Wata huɗu ina neman ƙusar da babu ita

Duk safiyar Litinin, kafin in kama hanyar Ɗan Isa, sai na biya wurin mai faci an ƙara wa tayar baya ta dama iska. Dala ashirin ce, ba ta taɓa ci mini rai ba. Wata huɗu ina haka, har yaran wurin suka daina tambayata wace taya, suna hango motar sai su janyo tiyo. Ranar Litinin a cika ta zuwa 2.3 a gejin auna iska kamar yadda takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ta ce, kafin Juma'a ta sauko 1.6, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kwantawa ƙasa gaba ɗaya ba, shi ya sa na yi ta ɗaga maganar.

Asalin abin kwalliya ce ta ja mini. Motar da jant ɗinta na kamfani, wato ƙarafunan da tayoyi ke zama a kai, ta zo daga Kwatano, lafiyarsu lau, amma na ga wasu masu kurom, inci 18, a wurin wani mai kayan gwanjo na mota, suna walƙiya har kana ganin fuskarka. Na biya, na ba shi nawa ciko. Ya ce daga Amurka suke, kuma a wannan bai yi mini ƙarya ba.

Sau uku ana cire tayar ana neman ƙusa. A mirgina ta cikin kwamin ruwa, a duba, a ce babu komai. Wani ya sauya mini bawul, jika ɗaya ta tafi, iska ta ci gaba da tafiyarta. Wani ya ce sanyin hunturu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, don iskar taya takan ragu da kusan 0.1 idan zafi ya sauka da digiri 10, amma sanyi ba ya zaɓen taya ɗaya ya bar uku. Na ukun ya ɗura mini wani farin ruwa ta bawul, ya ce zai toshe kowace kafa daga ciki. Wannan ne na fi nadama.

Wanda ya gano ciwon wani dattijo ne a gefen hanyar Tibiri, wanda na tsaya wurinsa ba don na san shi ba, sai don tayar ta yi laushi ina dawowa daga gaisuwar rasuwa. Na ba shi labari. Bai kai ta kwami ba. Ya cika ta da iska fiye da ƙa'ida kaɗan, ya kwantar da ita a ƙasa kamar faifai, ya kaɗa omo a gwangwani, ya bi da'irar da leɓen taya ya haɗu da jant yana zubawa har ruwan ya kwanta a lungun. Sai ya koma kan bencinsa ya ci gaba da cin goronsa.

Na ce, “Baba, ai ban ga komai ba.”

Ya ce, “Alhaji, iskar da ta ɗauki kwana biyar tana fita, a minti ɗaya kake so ta gaishe ka?”

Bayan kamar minti goma ya kira ni. A wuri biyu, ɗaya kusa da bawul, ɗaya daura da shi, wani farin kumfa ya taru, ƙanana ƙwarai kamar ƙwan kwaɗo, yana ƙaruwa a hankali ba tare da ko ƙara ba. Ya sa alli ya shata wuraren, ya kuma yi alama a jikin tayar daidai bawul don ta koma yadda take, kada ma'auninta ya ɓaci. Ya juya ɗaya gefen, can ma wuri ɗaya.

Da aka ɓalle tayar na ga abin da na saya. Waje madubi, ciki kuwa kamar tsohuwar tukunyar da aka manta a bayan ɗaki. Kurom ɗin ya kumbura, ya tattashi, yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa, ƙarƙashinsa wani farin gari. Dattijon ya sa farce ya ɗago wani ɓallin ya miƙo mini, ya ce in yi hankali, yana yanka. Farin ruwan nan da aka ɗura mini ya kwanta a ciki ya yi kauri, duk inda ya taru nan ɓarnar ta fi yawa.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, jant ɗin alminiyom ne, kurom kuwa shafe ne aka yi masa hawa-hawa, galibi jan ƙarfe, sai nikel, sannan kurom siriri a sama. Muddin shafen bai tsage ba, lafiya. Da zarar ƙarfen cire taya ya karce shi, ko ya tsufa ya yi ƙananan kafofi, danshi ya shiga, alminiyom ɗin da ke ƙasa sai ya fara cin kansa ya zama garin nan, ya tura shafen sama. A jihohin arewacin Amurka da Kanada gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishiri da danshi su ne abincin wannan ciwo. Wato da cutarsu suka shigo jirgi. Mu kuma nan muna ƙara musu da namu: yawancin injinan iska na bakin titi ba a zubar da ruwan da ke taruwa a tankinsu, kowane ƙarin iska da ɗan danshinsa yake shiga. Taya tubles, wato marar tiyub a ciki, ba ta da abin riƙe iska sai leɓenta da ya manne da ƙarfe mai santsi. In wurin ya yi kaushi, ko da ƙwayar gero ce, iska ta sami hanya.

Gyaran ba wani abin mamaki ba ne, haƙuri kawai yake ci. Ya wanke farin ruwan tas. Ya sa buroshin ƙarfe ya kankare duk abin da ya tashi, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi, yana bi da yatsa yana rufe ido, duk inda ya ji tudu ya koma. Bai taɓa fuskar jant ɗin ba, iyakarsa inda leɓen taya ke zama da kewayen ramin bawul. Na nuna masa injin gurza ƙarfe da ke rataye na ce ba zai fi sauri ba? Ya ce zai fi, amma alminiyom taushi gare shi, in ya ci rami babu mai cike shi. Leɓen tayar ma ya goge shi da tsumma, don ɓallin kurom ya lilliƙe a robar. Ya share, ya bari ya bushe, ya shafa wani baƙin gam na leɓen taya mai kama da narkakkiyar roba, siriri, zagaye biyu. Sabon bawul. Wajen mayar da tayar ruwan sabulu ya sa. Na taɓa ganin masu shafa giris ko baƙin mai a nan, kada ka yarda a yi maka, mai yana lalata roba kuma yana sa taya ta zame a kan jant.

Na tambaye shi ko a sa tiyub kawai a huta. Ya ce zai sa in na matsa, amma ɓallin kurom ɗaya ya isa ya huda shi, kuma tubles in ta huje a hankali take sacewa, tiyub kuwa lokaci guda yake saki. Na tuna yadda kwalta ke zafi a watan Afrilu tsakanin Maraɗi da Tasawa, na bar maganar.

Awa biyu da rabi muka yi, na biya jika uku. Ya sake kwantar da ita, ya sake zuba omo, muka yi sallar la'asar muka dawo, ruwan na kwance shiru. Ya gaya mini gaskiya cewa wannan ba warkewa ba ce, kurom da ya fara tashi zai ci gaba, wata rana sai an sake buɗewa. Da tsagewa ya gani a jikin jant ɗin kuwa, ya ce, da ba zai taɓa shi ba, sai dai in nemi wani.

Na sayi gejin kaina na ajiye a mota, ina aunawa da safe kafin taya ta yi zafi. Sati shida ke nan, ta baya ta dama tana kan 2.2. Ta gaba ta hagu ce yanzu ta fara, jiya na same ta 1.9. Na aika yaro wurin mai gwanjon ya tambayo ko jant ɗina na kamfani suna nan, aka ce an sayar tun kafin azumi.